Tsoho mai ciwon sukari: abincinsa da tafiyarsa

A da, mutane na cewa ciwon sukari na masu kuɗi ne. Yau kuwa ana samun shi birni da ƙauye, kuma ya fi kama waɗanda suka manyanta. Ƙila akwai mai shi cikin gidanku: baba, ko inna, ko kaka. Ƙila ma kai ne. To, wannan karatu naka ne.

Ka riƙe magana guda tun daga farko. Ciwon sukari ba ya warkewa kwata-kwata, amma ana zama da shi shekara da shekaru. Abu 3 ke riƙe shi: abinci da awo, motsa jiki, da maganin likita. Kamar duwatsun murhu suke. In ka ɗauke ɗaya, tukunya ta kife.

Mine ne wannan ciwo?

Tuwo, fura, shinkafa, burodi, duk in sun shiga ciki sukari suke zama. Sukarin ya bi jini, ya ba jiki ƙarfi. Akwai wata tsoka bayan tumbi mai fidda wani ruwa da ake kira insulin. Shi ke buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga naman jiki. In insulin ya yi kaɗan, ko jiki ya bar jin shi, sai sukari ya taru cikin jini.

Mai shi yakan ji ƙishirwa, da yawan fitsari har cikin dare, da gajiya, da rama. Amma wani bai jin komi. Awon jini kaɗai ke faɗin gaskiya. Ana yin shi gidan likita, da safe, kafin a ci komi. In sukari ya kai giram 1,26 cikin litar jini, aka sake awo wata rana aka ga haka, to ciwon ne. In aka ƙyale shi, sannu a hankali yana ɓata ido, da ƙoda, da zuciya, da ƙafa.

Yunwa ba magani ba ce

Wasu gidaje da sun ji labari sai su hana tsoho komi. Kuskure ne. Tsohon da bai ƙoshi ba ƙarfinsa ƙarewa yake, har ya faɗi ya karye. A bar shi ya ci sau 3 a rana, kan lokaci, amma da awo.

Ku zuba masa nasa kwano daban. In ana ci tare, ba mai sanin abin da ya ci. Ku raba kwanon gida 4:

Gida 2 ganye ne da kayan garka: zogale, rama, yakuwa, tafasa, kabeji, salati, kuɓewa. In haƙora sun zube, a dafa ganyen ya yi laushi.

Gida 1 abin gina jiki ne: wake, kifi, ƙwai, awara, ko nama marar kitse.

Gida 1 tuwo ne, ko shinkafa, ko rogo. Malmalar kada ta wuce dunƙulen hannunsa.

Tuwon hatsi ko na dawa da ba a surfe ƙwarai ba ya fi farar shinkafa da burodi. Dusar da ta rage ciki tana sa sukari ya shiga jini a hankali. Wake ma haka yake. Saboda haka in za a dafa shinkafa da wake, waken ya fi yawa.

Sukarin da ake sha

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Kwalbar lemu mai santilita 33 tana ɗauke da sukari kusan ƙwaya 7. Shayinmu kuwa kun san shi: na ɗaya, na biyu, na uku, kowane da nasa sukari. Tsoho ya zauna majalisa ya sha hira, amma a fidda masa nasa kofi kafin a zuba sukari.

Fura da kunu suna saurin hawar da sukari. A dama fura da nono, ba sukari, ya sha kaɗan. Kada a aje masa ƙwarya ya wuni yana kurɓa. Zuma, rake da dabino duk sukari ne. Ɗan itace kuwa, kamar gwaba ko ƙaramin mangwaro, ya ci guda ɗaya. In ya ji ƙishirwa, ruwa ya fi komi.

A rage gishiri da dunƙule, don hawan jini abokin tafiyar ciwon sukari ne. Gishirin yini duka kada ya wuce giram 5, wato ƙaramin cokali guda. A rage soye-soye, irin su fanke.

Kuma ku ji da kyau: ɗaci ba ya kashe sukari. Kada tsoho ya aje maganin likita don ya sha jiƙon maɗaci.

Tafiya ma magani ce

In mutum na tafiya, naman jikinsa na zuƙe sukari daga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wato minti 30 a rana, kwana 5. Ba sai a tashi guda ba. Minti 10 bayan kowane abinci, ka ga an haɗa 30.

Wanda ya daɗe zaune ya fara da minti 5, ya riƙa ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa. Zuwa masallaci da ƙafa, shara, ban ruwa a garka, duk suna cikin lissafi. Kada ku ce don girmamawa za ku hana inna taɓa tsintsiya.

Mai ciwon gwiwa ya zauna bisa kujera, ya tashi, ya koma, sau 10. Ya ɗaga kwalbar ruwa da kowane hannu sau 10. Wannan na ƙara masa ƙarfi, ya rage faɗuwa.

Lokacin zafi, watan Afrilu da Mayu, ya fita da sassafe ko da marece, da gorar ruwa. In ya ji ciwon ƙirji, ko numfashi na yanke masa, ya tsaya, a kai shi likita.

In sukari ya faɗi

Mai shan magani ko mai allurar insulin, in ya tsallake abinci ko ya yi aiki da yawa, sukarinsa na iya sauka ƙasa da giram 0,70. Za ka ga zufa, da rawar jiki, da jiri, ko magana ta rikice. Maza a jiƙa sukari ƙwaya 3 ya sha. Bayan minti 15, in bai dawo daidai ba, a ƙara. In ya farfaɗo ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komi a baki, a ruga da shi likita. Shi ya sa kullum a bar sukari ƙwaya 3 cikin aljihunsa. In watan azumi ya gabato, ya ga likita tun da wuri, ya ji ko zai iya.

Ku duba ƙafa

Ciwon na kashe jin ƙafa. Ƙaya na iya sukar tsoho bai sani ba, wurin ya zama gyambo, har ta kai ga yanke ƙafa. Kada ya taka ƙasa ba takalmi. Bayan alwala ya share tsakanin yatsu. Lokacin ɗari kada ya kusanta ƙafa da wuta. Kai mai ido, ka duba masa tafin ƙafa kowace rana. Ko ƙaramin rauni ka gani, ku tafi likita ran nan.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa 3 ke riƙe ciwon sukari?
2. Yaya za ka raba kwanon tsoho?
3. Mi za ka yi in sukarinsa ya faɗi?
4. Cikin abincin gidanku, wane za ku rage, wane za ku ƙara?