Barabbas: ɗan fashi ko ɗan tawaye?

Linjilar Yohanna (18:40) ta kira Barabbas da kalmar Helenanci lestes, wadda akan fassara da "ɗan fashi". Markus (15:7) kuwa ya sa shi cikin waɗanda suka yi kisa lokacin wani bore. Ba saɓani ba ne: Josephus, masanin tarihin Yahudawa na ƙarni na 1, da wannan kalma yake kiran masu ɗaukar makami a kan mulkin Rum. Wato mai iko ne ke raɗa sunan.

Tarihin Arewa ya nuna yadda sunan kan sauya mai shi. A Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Lugu, garin Sarauniya, a ƙasar Dogon Dutsi, da tutar Faransa. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Klobb, hafsan da gwamnati ta aiko ya karɓe rundunar; cikin wata uku masu tuta sun zama ƴan tawaye. Augustine, a littafi na 4 na De civitate Dei, ya ɗauki mulki maras adalci a matsayin ƙungiyar ƴan fashi da ta ƙasaita. A ganinmu, "ɗan fashi" kaɗai bai wadatar ba a Yohanna 18:40, sai an haɗa da bayani a ƙasan shafi.