Injin Ban Ruwa: Ɗan Hakin Da Muka Raina

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa a tsakanin watan Disamba da na Afrilu, muddin ya sauke gilashin mota a kusa da wani kwari, sauti guda zai riƙa ji: ƙugin ƙaramin injin ban ruwa. Haka abin yake a gefen Tiga cikin ƙasar Bebeji, haka kuma a fadamun Kiru. Tumatir da albasa da attaruhu da alkamar da ake lodi zuwa kasuwannin birni, da yawansu wannan ɗan injin ne ya shayar da su. A cikin gari kuwa, ƙanensa ne ke juya injin markaɗe, shi ne kuma a cikin janaretan mai shagon cajin waya. A Turai da Amurka irinsa ne ake ɗora wa wuƙa yana aske ciyawar ƙofar gida. Mu a nan abinci muke nema da shi.

Ba da shi muka taso ba. Kakanninmu da jigo suka yi lambu, guga bayan guga. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, ruwanta ya bi magudanai ya raya Kadawa da Kura da Bunkure, amma manomin da gonarsa ba ta kan hanyar magudanan sai ya ci gaba da jan jigonsa. A shekarun 1980 ne hukumar KNARDA ta fara yaɗa 'yan rijiyoyin fadama tare da ƙananan injinan fetur, sannan shirin Fadama na ƙasa da Bankin Duniya ya tallafa wa ya faɗaɗa abin a farkon shekarun 1990. Daga baya injinan Sin masu araha, waɗanda aka kwaikwaya daga samfurin Honda GX160, suka cika kasuwa, 'yan siyasa kuma suka mai da rabon injin ban ruwa wani rukuni na tallafi. Abin da ban taɓa ganin an raba tare da injin ba shi ne ilimin kula da shi. Ɗan littafin da ke cikin kwali da Turanci yake zuwa, ko da Sinanci, kuma yawanci tare da kwalin ake jefar da shi. Manomi ya koya daga maƙwabcinsa, yaron bakanike ya koya daga maigidansa, shi ma maigidan da ido ya koya. Koyon ido yana nuna wa mutum yadda ake tayar da inji, amma ba ya gaya masa abin da zai iya kashe shi.

Mu fara da fetur, domin shi ne aka fi rainawa saboda sabo. Ba ruwan fetur ɗin ne ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko da a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a zafin Maris na ƙasar Kano. Tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka ba sama yake yi ba, ƙasa yake bi yana malala kamar ruwa, ya taru a rami ko a kusurwar shago, har ya iske garwashin mai shayi ko guntun sigarin da wani ya yar a nesa. Kaso biyu kacal cikin ɗari na wannan tururi a cikin iska ya isa ya tashi da tartsatsi guda. To, a ƙaramin inji tankin mai a saman injin yake zaune, taƙi ɗaya tsakaninsa da salansa, ita kuwa salansar injin da ya yi awa biyu yana aiki zafinta na iya wuce wanda fetur ke buƙata ya kama da kansa ba tare da ashana ba. Mai ban ruwan da ya ga mai ya kusa ƙarewa, ya ɗauko galan ya tuttula inji na kunne don kada ruwa ya yanke a tiyo, minti biyar yake son ya tsira da su. Ƙa'idar masu ƙera injin ita ce a kashe, a bari ya huce, a zuba da mazurari, a bar ɗan sarari a wuyan tanki, a goge abin da ya zube, a kuma matsar da galan kafin a ja igiya. Bala'in Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda wutar tankar mai ta hallaka mutane fiye da 150, ya girgiza kowa. Sai dai dokar da ta yi aiki a kan tanka ita ce ke aiki a kan lita uku da ke cikin tankin injin ban ruwa.

Hatsari na biyu kanikawa da kansu ba su cika lura da shi ba. Wannan injin ba shi da batir. Wutarsa daga maganaɗisun da ke jikin ƙafar da igiya ke juyawa take fitowa, ma'ana duk abin da ya juya injin da ƙarfi, ko igiya ce ko hannun mutum, zai iya haifar da tartsatsi a fulogi. Makunnin kashewa shi ne ke hana hakan, amma a injinan da suka kwana biyu sau nawa ake tarar da wayar makunnin ta tsinke, mai shi yana kashe inji da shaƙe masa iska? Saboda haka wanda ya buɗe tukunyar famfo yana ciro tsakuwar da ta maƙale a farfela, ko mai markaɗen da ke jan bel da hannu don ya mayar da shi kan garensa, yana aiki ne a cikin bakin abin da zai iya farkawa. Maganin bai kai sakan biyar ba: a zare hular fulogi, a kautar da ita gefe yadda ba za ta taɓa kan fulogin ba, sannan a sa hannu. Wannan umarni yana cikin littafin kusan kowane ƙaramin injin fetur. A wurin markaɗe kuma akwai ƙarin abin lura, domin masu kai niƙa galibi yara mata ne masu hijabi da mayafi, bel ɗin kuwa tsirara yake gudu, an cire murfinsa tun ranar gyaran farko ba a mayar ba.

Akwai kuma gwajin wuta da kowane bakanike ke yi: ya kwance fulogi, ya jingina shi a jikin inji, ya ce wa yaro ya ja. Idan injin ya sha mai da yawa, jan igiyar zai feso fetur ta ramin fulogin, ga kuma tartsatsi a bakin ramin. Garin neman gira a rasa ido kenan, kuma a nan ba karin magana ba ce kawai. A rufe famfon mai, a goge jikin injin, a nisanta fulogin daga ramin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ba a gani, ba a kuma jin warinsa. Famfon da ke tsotso ruwa daga sama yana da iyakar da ba ƙarfin inji ke yanke ta ba, nauyin iskar da ke danne ruwan ne. A lissafi iyakar mita 10 ce da 'yan kai, a aikace kuwa da wuya ta wuce mita 7 ko 8. Idan rani ya yi nisa, ruwan ƙasa ya ja baya, sai manomi ya yi dabarar da hankali zai ba kowa: ya haƙa rami a bakin rijiya ya saukar da injin don ya kusanci ruwa. Wani ma cikin rijiyar yake zura shi lokacin yasa. Hayaƙin injin fetur yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jinin ɗan Adam ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita ninki sama da 200. A fili iska tana kwashe ta. A rami mai zurfi ko ɗaki rufaffe taruwa take yi. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da kasala da tashin zuciya, abubuwan da mai aikin rana zai ɗora wa gajiya ko zazzaɓin cizon sauro, kafin ya ankara ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Mafi muni, wanda ya hango ɗan'uwansa ya faɗi a ramin yakan diro don ceto, sai gawa ta zama biyu, a wayi gari ana cewa rijiyar tana da iskoki. Iska ce kam, amma ta salansa. Kada a sauka ramin da inji ke aiki a ciki. A ɗaura igiyar da za a iya kashe shi daga sama, a ba ramin lokaci ya sha iska, kuma kada mutum ya sauka sai da igiya a ƙugunsa da wani a tsaye a sama. Hukuncin janaretan da ake shigarwa zaure ko shago da dare don tsoron ɓarayi ko ruwan sama shi ne wannan ɗin.

Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024, tsimi ya shigo cikin lamarin, kuma ba wanda zai zargi manomi a kan haka. Sai dai wani tsimin asara ce da ta yi shigar riba. Injin irin GX160 baƙin man da yake ɗauka bai wuce kashi shida cikin goma na lita ba, masu shi kuma sun ce a juye na farko bayan awa 20, daga nan duk bayan awa 100. Mai ban ruwan da ke aiki awa biyar kullum zai cika awa ɗari a cikin kwana ashirin, amma sai a ga inji ya ƙare rani da man da ya fara da shi, ana ta ƙari a kan tsoho, ko kuwa a sayo man da aka juye daga mota aka tace a kwalba. Wasu injinan suna da na'urar da ke kashe su idan baƙin mai ya yi ƙasa. Da ta fara aikinta sai a ce inji yana gardama, bakanike ya tsinke wayar, kowa ya yi murna, bayan mako biyu fistin ya kafe. Haka ake yi wa abin da kanikawa ke kira gwamna, wato ɗan ƙarfen da ke tsare gudun inji a wajen juyi 3,600 a minti. A ɗaure shi da waya don ruwa ya ƙara ƙarfi, ƙarshenta sandar fistin ta ɓalle ta fasa jikin injin, wanda ke tsugune a gefe kuma sai abin da Allah ya yi. Soson da ke tace iska ma, a ƙurar hunturu, wanki yake so da ruwa da sabulu, a shanya, a ɗan shafa masa mai, ba a cire shi a yar ba.

Tsadar ce kuma ta sa mutane da yawa suka mayar da injinansu masu amfani da gas ɗin girki. Dabara ce mai kyau idan an yi ta da kayan da suka dace. Amma tukunyar gas a kwance cikin rana kusa da salansa, an haɗa ta da tiyon ruwa an ɗaure da robar tayar keke, wannan ba sauƙi aka samu ba. Tiyon gas daban yake, da maɗaurinsa na ƙarfe, kuma da kumfar sabulu ake neman inda yake yoyo, ba da ashana ba.

Sai jikin mai gyaran kansa. Yaran da ke koyon aiki su ake sa wa zuƙo fetur da baki ta tiyo, su ke wanke kafireta da hannu tsirara a cikin gwangwanin fetur, su kuma wanke hannun da shi kafin cin abinci. Fetur yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini ga mai yawan cuɗanya da shi, tsohon baƙin mai kuma yana cutar da fata, duk da haka har kan ciwo ake shafa shi. Idan yaro ya haɗiyi fetur, abin da aka saba shi ne a ɗura masa manja ko madara, a sa masa yatsa ya yi amai. Aman ne hatsarin, domin ɗigo kaɗan da ya kauce ya shiga huhu ya fi wanda ke cikin ciki illa. Asibiti za a nufa da shi kai tsaye. Wanda ya ƙone kuwa, ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi za a yi ta kwarara wa wurin har minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Ba ɗanyen ƙwai, ba man goge baki, ba baƙin mai. Mai ban ruwa ya fi kowa sa'a a nan, tunda ruwan yana gabansa, kuma daga ƙauyukan Doguwa zuwa manyan asibitocin birnin Kano tafiya ce ta sa'o'i, abin da aka yi a mintunan farko shi ke raka majinyaci har can.

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma ba mu taɓa jin wanda ya kafa hujja da wannan ya bar akuyarsa a sake cikin lambun albasa ba.

Duk abin da na zayyana bai fi cikin takarda guda ba, gaba da baya. Malaman gona na KNARDA suna zagaya ƙauyukan nan, ƙungiyoyin manoman rani suna taro, gidajen rediyon Kano suna da filayen noma da ake saurare har cikin fadama. Ɗan majalisar da ya iya sayen injina ɗari biyu ya raba a filin taro ba zai gaza biyan kuɗin buga wannan takarda da Hausa, boko da ajami, a liƙa a jikin kowane tanki ba, ko ya ɗauki nauyin bitar yini guda ga kanikawan Tudun Wada da Kwanar Dangora, waɗanda kowane inji a yankin sai ya bi ta hannunsu. Lokacin da ya fi dacewa da bitar shi ne ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da ake naɗe tiyo ana shirin damina. A daidai lokacin ne ake jefa inji a lungun ɗaki da sauran fetur a cikinsa, man ya yi wata shida ya daskare ya zama danƙo a kafireta, ga tururinsa a ɗakin da yara ke kwana. Kafin a ajiye shi, a tsiyaye tanki da kafireta a fili, a zubar da ruwan tukunyar famfo, a sa sabon baƙin mai, a ɗora shi a kan katako a wurin da ba a hura wuta.