Kafin Ka Sayi Risibar Sauti: Yadda Za Ka Zaɓi Wadda Ta Dace Da Sifikokinka

Garin Yashe na ƙaramar hukumar Kusada yana kan hanyar Kano zuwa Katsina, daidai inda titin Funtua ya haɗe da ita. Saboda haka matashin Yashe ko na Kankia da ya tara kuɗin kayan sauti yakan shiga mota da safe, ya zaga Sabon Gari ko titin Beirut a Kano, ya dawo da kwali kafin magariba. Matsalar takan fara ne bayan an iso gida. Wani ya jona na'ura ya ji ƙaurin hayaƙi tun bai saurari waƙa ko ɗaya ba. Wani tasa ta yi ta kashe kanta da zarar an ƙara murya. Wani kuma komai na aiki, amma ba ya jin maganar 'yan fim sai rugugi. Galibi ba kayan ne marasa kyau ba, haɗin ne bai dace ba.

A yau za mu duba yadda ake zaɓen risibar sauti, domin kuɗin da ka sha wahalar tarawa kada su tafi a banza.

Wace risiba ake nufi?

Da yawanmu idan aka ce risiba, ta tauraron ɗan'adam ce ke faɗo mana a rai. Wannan daban ce. Risibar sauti akwati ne mai aiki uku: tana karɓar sauti da hoto daga dikoda, talabijin, na'urar wasa ko wayarka, ta rarraba sautin zuwa layuka, sannan amfilifayar da ke cikinta ta ba shi ƙarfin da zai motsa sifika. Kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni sun haɗa da Yamaha, Denon, Marantz, Onkyo, Pioneer da Sony.

Ƙa'idar farko ita ce sifika ce ke zaɓen risiba. Idan kana da sifikoki a gida, juya bayansu ka ɗauki hoton rubutun da ke jiki da wayarka kafin ka tafi kasuwa. Idan ba ka da su, fara da su, domin su ne ke ɗauke da mafi yawan daɗin sautin da kunnenka zai ji.

Lambar farko: om

A bayan kowace sifika ta kirki za ka ga an rubuta om 4, 6 ko 8, tare da alamar Ω. Wannan lamba tana nuna yadda sifikar ke tare wutar da ke shiga cikinta. Idan lambar ta yi ƙasa, sifikar za ta ja wuta da yawa daga amfilifaya. Misali, idan risiba ta tura bolt 20, sifika mai om 8 za ta ja amfiya 2.5, mai om 4 kuwa za ta ja amfiya 5, wato ninki biyu. Wannan ƙarin jan wuta shi ne ke zama zafi a cikin risiba.

Yawancin risibobin matsakaicin farashi an ƙera su ne don sifika mai om 6 zuwa 8, kuma za ka ga an rubuta hakan kusa da inda ake ɗaura wayoyi. Wasu kan karɓi om 4, su ma sukan faɗa a jiki ko a littafinsu.

Ga tarko biyu da ake yawan faɗawa. Na farko, ƙananan sifikokin da ke zuwa cikin kwali ɗaya da na'urar faifan DVD, waɗanda muke kira hom tiyata, da yawansu om 3 ne. Idan uwar ta mutu, mutum sai ya ce bari ya sayi risiba ya jona mata 'ya'yan. Risibar za ta yi zafi ta riƙa kashe kanta, wata rana kuma ta ƙone. Na biyu, ɗaura sifika biyu a baki ɗaya. Sifika biyu masu om 8 idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun koma om 4, biyu masu om 4 kuma sun koma om 2. Masu gidajen kallon ƙwallo da ke son murya ta kai bayan rumfa sun fi kowa yin wannan.

Lamba ta biyu: wat na gaskiya

Kwalin da aka rubuta wa wat 5000 PMPO ya fi ɗaukar ido a shago, amma wannan lamba ba ta da wani ma'auni da aka yarda da shi, ta talla ce kawai. Wadda za ka nema ita ce ta RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore. Kamfani mai gaskiya yakan bayyana a kan om nawa ya auna, da layuka nawa ke aiki a lokacin awon. Wat 80 da aka auna da layi biyu a kan om 8 ya fi wat 140 da aka auna da layi ɗaya a kan om 6 amfani a gare ka.

Akwai dabara mai sauƙi ta kama ƙarya. Duba yawan wutar da na'urar ke ja daga soket, an rubuta kusa da wayar wuta. Abin da ke jan wat 60 ba zai iya fitar da dubu biyar a ɗore ba. Ɗaga ta kuma ka ji nauyinta, domin risiba irin ta gargajiya mai ƙarfi tana da babbar taransifoma a ciki.

Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne ninka wat ba ya ninka ƙara. Daga wat 50 zuwa 100 ƙarin desibel 3 ne kacal, ɗan bambancin da kunne zai lura da shi amma ba mai yawa ba. Kafin ka ji kamar ƙarar ta ninka, sai an ƙara kimanin desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Don haka kada ka biya ƙarin kuɗi masu yawa saboda bambancin wat 90 da 110.

Lamba ta uku: saurin amsawar sifika

Wannan ita ce lambar da ake mantawa da ita. Za ka ga an rubuta kamar 86dB, 88dB ko 91dB. Ma'anarta yawan ƙarar da sifikar ke bayarwa da wat ɗaya idan ka tsaya nisan mita ɗaya. Sifika mai 91 tana buƙatar rabin ƙarfin da mai 88 ke buƙata kafin su yi ƙara ɗaya.

Mu yi lissafi. Sifika mai 88 idan ta samu wat 10 za ta ba da desibel 98 a nisan mita ɗaya. A kan kujerar da ke nisan mita uku za ka samu kusan 88, ko sama da haka saboda bango yana maido da sauti. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraron desibel 80. Ka ga ke nan a ɗakin saurayi ko falon amarya, risiba mai wat 50 zuwa 80 na gaskiya a kowane layi ta isa har da rara.

Rarar tana da amfani. Abin da ya fi ƙona 'yar ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririn sauti, wadda masu gyara ke kira tuwita, shi ne a matsa wa ƙaramar amfilifaya har ƙarfinta ya ƙare. A nan sauti yakan fara ƙarƙara da tsatsa. Da ka ji haka, rage murya nan take.

Layi nawa kake buƙata?

Lambar 5.1 tana nufin sifika biyar da wufa ɗaya: hagu, dama, tsakiya, biyu a gefe ko baya, sai mai rugugi. Tsarin Dolby Digital ya shiga gidajen silima a 1992, Dolby Atmos mai ƙara sauti daga sama kuma ya zo a 2012, ya shiga risibobin gida a 2014.

Amma tambayi kanka abin da kake kallo. Waƙoƙin da ke wayarka, daga na Hamisu Breaker da Nura M. Inuwa har zuwa tsofaffin faya-fayan Mamman Shata, ba su wuce layi biyu ba. Mafi yawan finafinan Kannywood da shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da ake kallo a YouTube su ma haka ne. Sautin kewaye na gaske sai a finafinan Amurka da Indiya na manhajoji irin su Netflix, faifan Blu-ray, wasannin PlayStation da wasu tashoshin DStv.

Idan kiɗa da finafinan Hausa ne suka fi yawa a wurinka, zuba kuɗinka a sifika biyu masu kyau da wufa ɗaya. Kalangun Shata zai fi fita a kan sifika biyu na kirki fiye da bakwai na roba. Idan kuma kai mai finafinan waje ne, sayi risiba mai layi biyar, ka fara da hagu da dama, daga baya ka ƙara ta tsakiya. Ita ce ke ɗaukar mafi yawan maganar 'yan wasa, kuma an fi so ta fito daga kamfani ɗaya da na gaba domin murya ta zama iri ɗaya.

Game da wufa, a kula. Mafi yawan risibobi ba su da amfilifayar wufa a ciki, suna fitar da sigina ce kawai, don haka sai wufa mai nata wutar, wadda ake jona wa soket. Wufar tsohuwar hom tiyata da ba ta da wayar wuta ba za ta yi aiki a wannan bakin ba. Bayan haɗawa, shiga saiti ka nuna cewa sifikokinka ƙanana ne, ka sa iyakar rugugi a kan hertz 80. Hakan zai sauke wa risiba nauyi.

Bakunan jonawa

Tunda wayarka ce ɗakin ajiyar waƙoƙinka, duba ko risibar tana da Bluetooth. Idan tsohuwa ce babu, akwai 'yar na'urar Bluetooth mai araha da ake jonawa ta bakin ja da fari. Ga talabijin kuwa, nemi bakin HDMI mai rubutun ARC, wanda ya zo da HDMI 1.4 a 2009, ko eARC da ya zo da HDMI 2.1 a 2017. Da kebul ɗaya sautin talabijin zai dawo cikin risiba. Tsofaffin risibobi ba sa wuce da hoton 4K, amma akwai mafita: jona dikoda kai tsaye a talabijin, ka ɗauko sauti kaɗai ta ARC ko ta kebul mai haske.

Wutar gidanka

A nan ne shawarar da ake karantawa a shafukan Turai take gaza mana. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka na bolt 120 ne, na cikin gidan Japan kuma bolt 100. Jona irin wannan kai tsaye a soket, ta tafi ke nan. Karanta bayan na'urar da idonka. Idan ta 120 ce, ka haɗa da kuɗin taransifomar rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce abin da risibar ke ja. Wasu samfuran da aka yi wa kasuwannin Asiya suna da maɓallin sauya bolt a baya, a tabbatar yana daidai kafin a kunna.

Jihar Katsina tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO tare da Kano da Jigawa, amma gidaje da yawa a karkara sun dogara ne da janareta da sola. Ƙaramin janareta wutarsa takan yi hawa da sauka idan aka ɗora masa kaya, don haka sitabilaiza ta zama dole. Inbata mai araha wadda wutarta ba sumul take ba takan sa taransifoma gurnani da zafi, sai a nemi wadda aka rubuta wa pure sine wave. Idan batirinka ƙarami ne, duba ƙananan amfilifayoyi na ajin D. Suna mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da suka ja zuwa sauti, wasunsu kuma suna aiki da bolt 12 zuwa 24. Ga mai sifika biyu da sola, wannan na iya fin babbar risiba dacewa.

Sai zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankinmu yakan kai digiri 40. Kada a cusa risiba cikin rufaffen kabad, kada a ɗora mata dikoda, a bar mata sarari kamar faɗin tafin hannu a sama da gefe. Lokacin hunturu a lulluɓe ta idan an kashe, a cire lulluɓin kafin a kunna.

A cikin shago

An ce gani ya kori ji, amma a sayen kayan sauti ji ne gaba. Tafi da waƙar da ka sani sarai a wayarka, da wani yanki na fim mai yawan magana. Sa mai shago ya gwada maka kowane layi ɗaya bayan ɗaya, da kowane bakin HDMI. Bar ta tana aiki kamar minti 20, sannan ka taɓa samanta. Ɗumi ba laifi ba ne, amma idan hannu ba ya iya tsayawa ko ta kashe kanta, ajiye ta. Tambayi rimot, domin saituna da yawa ba sa shiguwa sai da shi. Tambayi 'yar makirfon awon ɗaki ma, wadda tsarin Audyssey na Denon da Marantz ko YPAO na Yamaha ke amfani da ita wajen daidaita sauti da ɗakinka. Kayan gwanjo sukan zo babu su, kuma rashin su dalili ne na neman ragi.

A ƙarshe, ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a kan rasit. Daga Yashe zuwa Kano ba tafiyar da za ka so maimaitawa da kwali a cinya ba ce, balle ka isa a ce maka abin da aka saya ba a mayarwa.