Koyon Kiɗa Haƙƙin Yaro Ne Ko da Bai Zama Magani Ba

A 1975 wani masanin tattalin arziki kuma makaɗi, José Antonio Abreu, ya tara matasa 11 a wurin ajiye motoci a birnin Karakas na ƙasar Benezuwela, ya soma koya musu kiɗa tare. Daga nan aka samu tsarin El Sistema, wanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsa: yaro ya tashi daga makaranta ya wuce cibiyar unguwarsu, a ba shi aron abin kiɗa kyauta, ya zauna cikin tawaga tun bai ƙware ba, wanda ya riga shi iyawa yana gyara masa riƙo. A nan Gustavo Dudamel ya taso, har ya zama jagoran tawagar makaɗan Los Anjelis a 2009. Abin da tsarin ya tabbatar shi ne baiwa ba ta zaɓen gida. Kuɗin kayan kiɗa, ladan malami da nisan wuri su ne ke tsare 'ya'yan talaka a bakin ƙofa.

Yara masu lalurar otizim, wadda ke wahalar wa yaro magana da cuɗanya da mutane, shingensu ya ninka. Yaron da ƙara ke firgita shi, ko wanda sauyin tsari ke ɗaga masa hankali, da wuya ya jure aji mai hayaniya. Alhali kiɗa na da abin da irin wannan yaro ke so: maimaici, tsari sananne, da damar amsa wa wani ba tare da furta kalma ba. Derek Paravicini, ɗan Ingila makaho mai otizim, yakan ji waƙa sau ɗaya ya kaɗa ta a fiyano, amma sai da malaminsa Adam Ockelford ya yi shekaru yana saita masa yatsu kafin baiwar ta yi amfani. El Sistema ma ya buɗe sashen yara masu buƙata ta musamman a birnin Barkisimeto a 1995, inda daga baya aka kafa tawagar da kurame ke sanya farar safar hannu suna rera waƙa da ishara.

Masu suka na da hujja. Wani gwaji da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2017, kan yara 364 a ƙasashe 9, ya gano cewa jinya da kiɗa ba ta rage tsananin alamomin otizim fiye da kulawar da aka saba ba. Sai dai wannan ya rushe iƙirarin masu tallar kiɗa a matsayin magani ne kawai. Ba a tambayar ko lissafi na warkar da cuta kafin a koya wa yaro, don haka babu dalilin ɗora wa kiɗa wannan sharaɗi idan an zo kan mai otizim.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya ɗauki nauyi kan yara kusan 3,000 masu neman shiga El Sistema ya nuna kamun kai ya ƙaru, musamman ga yara maza da suka tashi cikin tashin hankali. Amma ya kuma nuna cewa talakawa ba su kai kashi 20 cikin 100 na masu neman shiga ba, a jihohin da kusan rabin jama'a ke cikin talauci. Wato kyauta kaɗai ba ta isa ba. Uwar da ba ta da kuɗin mota, ko take tsoron a kori ɗanta saboda ya toshe kunne ya yi ihu, ba za ta zo ba ko da ƙofa a buɗe take.

Gyaran kuwa sananne ne: a kai cibiya cikin unguwar marasa hali, kamar yadda aka yi a Raploch ta Sikotilan a 2008, a tanadi ƙananan azuzuwa da ɗakin da yaro zai huta idan ƙara ta yi masa yawa, a horar da malamai, sannan a riƙa ƙirga su wa suka shigo. Shirin da bai san 'ya'yan wa yake koyarwa ba, bai isa ya ce ya kai ga mabuƙata ba.