Hunturu a Garwa da Baƙin da ke Gudun Sanyi

A ƙasashen Turai da Amurka ta Arewa akwai al'adar da iyali ke tara kuɗi tun farkon shekara, don idan ƙanƙara ta sauko a Disamba su tafi hutu wani tsibiri mai ɗumi, kamar tsibiran Kanari ko na Karebiyan. Ɗalibin Hausa da aka ba irin wannan labari ya fassara yakan ci karo da matsala tun a kalma ta farko. Ƙamus zai ba shi "hunturu", amma hunturun Bahaushe iska ce busasshiya mai ƙura da ke kaɗowa daga Sahara, tana fasa leɓe da kaushin ƙafa. Sanyin da ke tare da ita shi ne "ɗari". Babu ƙanƙara a ciki, kuma da hantsi ya ɗaga rana takan fito da zafinta.

Garwa, babban birnin yankin Arewa a Kamaru, ta nuna wannan bambanci a fili. A watan Janairu za a ga ɗan acaɓa da asuba ya sa rigar sanyi har biyu, ya naɗe kunne da rawani, yara kuma na jin ɗumi a bakin murhun mai ƙosai. A daidai wannan lokaci ne Bafaranshe kan sauka a filin jirgin saman garin da gajeren wando, yana murna ya tsere wa sanyi. Ɗari ɗaya ne, amma kowa da abin da ya kira shi. Da baƙon zai jira har Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40, da ya san abin da ake kira bazara.

Arewacin Kamaru ba shi da teku. Abin da ya fi kama da tsibirin hutu yana a Lagdo, kimanin kilomita 50 kudu da Garwa, inda 'yan Sin suka gina madatsar ruwa a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982. Da ruwa ya cika, kawunan duwatsu suka zama tsibirai, masunta daga wurare daban-daban suka kafa ƙauyuka a bakin tafkin, baƙi kuma kan hau kwale-kwale su zagaya. Wannan madatsa ce dai mutanen Adamawa da Binuwai a Nijeriya suka sani ta wata fuskar, domin ana danganta ta da ambaliyar 2012 da ta 2022.

Amma ainihin abin da ke jawo baƙi shi ne namun daji. An mai da Waza, can kusa da Tafkin Chadi, gandun ƙasa a 1968, mai faɗin murabba'in kilomita 1,700. A shekarar ce kuma aka yi wa gandun Binuwai haka. Dalilin zuwa da rani a bayyane yake: ciyawa ta bushe, hanyoyin da damina ta lalata sun buɗe, giwa da raƙumin dawa da gwanki kuwa dole su taru a 'yan tafkunan da suka rage. Masu otal, direbobi, 'yan rakiya da masu sayar da jakunkunan fata a Marwa duk da wannan 'yan watanni suka riƙa lissafin shekara a da.

Wannan kasuwa ta sha kashi. A 2012 mafarauta ɗauke da bindigogi suka karkashe ɗaruruwan giwaye a gandun Buba Njida. A ranar 19 ga Fabrairu 2013 kuma 'yan Boko Haram suka sace iyalin Faransawa su bakwai, huɗu daga cikinsu yara, bayan sun ziyarci Waza. An sako su a Afrilu, amma ƙasashen Turai suka gargaɗi 'yan ƙasarsu da su guji yankin Arewa Mai Nisa, baƙi suka ɗauke ƙafa.

Wani abin lura ga mai fassara shi ne kalmar tafiyar kanta. "Yawon buɗe ido" ya dace da wanda ya je kallon dorina a Binuwai. Wanda ya je kwanciya a rairayi don shan rana kuwa, "hutu" ko "shaƙatawa" ya yi. Bahaushen da ya bar gida bayan girbi ba don ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Sunan tafiyarsa "cin rani", kuma aiki ya je nema.