Daga SIFE zuwa Enactus: Ƙungiyar Ɗalibai Masu Koyon Kasuwanci

Duk wanda ya tashi a Funtuwa ko Malumfashi ya san yadda ake koyon kasuwanci a gargajiyance. Yaro yakan zauna gaban ubangidansa, ya ɗauki awo, ya iya ciniki, ya san lokacin da buhun masara ke faɗuwa da kaka da lokacin da yake tashi da bazara. In ya nuna amana, wata rana a yanka masa jari. Amma akwai wata hanyar da ta biyo ta makarantun boko, wadda 'ya'yanmu da yawa ke wucewa ta gefenta ba su san da ita ba.

A shekarar 1975 wani lauya a jihar Texas ta Amurka, Robert Davis, ya kafa ƙungiyar ɗalibai mai suna SIFE. Da fari manufarta ita ce ɗaliban jami'a su fahimci tsarin kasuwa, su kuma bayyana wa jama'a. Ta yi rauni har ta kusa mutuwa, sai Alvin Rohrs ya karɓi ragamarta a farkon shekarun 1980, daga jihar Missouri. Attajirin nan Sam Walton, mai kantunan Walmart, ya sa mata hannu, wasu manyan kamfanoni suka biyo baya. Ba don Allah kaɗai suka yi ba. A wurin gasar ƙungiyar suke tsintar ma'aikata masu kaifin kai.

Gasar ita ce ƙashin bayan tafiyar. Ɗalibai a kowace makaranta sukan haɗa tawaga ƙarƙashin wani malami, su nemo matsala a cikin al'umma, su ƙirƙiro sana'ar da za ta magance ta. A ƙarshen shekara su tsaya gaban alƙalai, waɗanda akasari shugabannin kamfanoni ne, su faɗi abin da aka kashe, abin da aka samu, da mutum nawa suka amfana. Zakaran kowace ƙasa ya tafi gasar duniya, wadda aka fara a Landan a 2001. A 2012 aka sauya sunan zuwa Enactus.

Najeriya ta shiga tun wajen shekarar 2000, kuma Arewa ba 'yar kallo ba ce: tawagogin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk sun taɓa cin kofin ƙasa. Zariya kuwa, ga ɗan Funtuwa, tafiyar kamar awa guda ce a mota.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne lissafin. Ɗan kasuwarmu gwani ne wajen ciniki, amma sau da yawa uwar kuɗi da riba da cefanen gida aljihu ɗaya suke kwana. A gaban alƙalan nan ba a cewa "mun gode Allah, kasuwa ta yi albarka" a zauna. Sai an nuna a rubuce.

Kuma ɗalibin da ya fito daga wannan yanki ba ya buƙatar aron matsala daga Legas. Ƙasar Funtuwa, wadda auduga ta jawo mata layin dogo da injinan gurza tun zamanin Turawa, wadda Bankin Duniya ya zaɓa don ɗaya daga shirye-shiryen bunƙasa noma uku na farko a tsakiyar shekarun 1970, tare da Gusau da Gombe, har yau manominta na sayar da hatsi da arha ranar kasuwar Dandume ko Bakori saboda bashin taki ya matso, ko don tsoron ƙwari a rumbu. Wata huɗu ko biyar bayan nan, manomin ne zai dawo ya auni hatsin a tiya, da tsada, daga hannun wanda ya saya ya ajiye.