Hoton Waya da Binciken Tsargiya a Kalgo da Gwandu

A shekarar 1992, wasu masu bincike biyu, Caroline Wang da Mary Ann Burris, suka raba wa matan karkara kyamarori a lardin Yunnan na ƙasar Sin, domin su ɗauki hotunan zamansu da kansu, su kuma yi bayaninsu a taro. Wayar hannu ta sauƙaƙa wannan dabara, domin tana iya liƙa wa kowane hoto rana da wurin ɗauka.

Dubi batun tsargiya, wato fitsarin jini, a fadamun Kalgo da kududdufan Gwandu. Tsutsar cutar tana yaɗuwa ne cikin wani ɗan ƙaramin dodon-koɗi na ruwa, daga nan ta fito ta huda fatar mai wanka. Mai bincike daga Birnin Kebbi yakan leƙa tafki sau ɗaya ya juya. Manomin shinkafa kuwa ya san inda yara ke iyo da tsakar rana, daidai lokacin da tsutsotsin suka fi fitowa. Hotonsa zai nuna ƙauyen da ya kamata a fara kai magani.

Sai dai hoto ba ya tabbatar da cuta, tilas a auna fitsari. Kuma ba a ɗaukar yaro tsirara, ko cikin gidan mutum, ba da yardar iyaye da maigida ba.